Wa Zai Ɗauki Nauyin Jirgin Fasinja a Sudan?

A ƙarshen shekarar 2024 jirgin ƙasa na fasinja ya koma aiki tsakanin Bor Sudan da Atbara, bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da kusan duk wata zirga-zirga a kan dogo. Jama'a sun yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin ga wanda ya rasa gida da sana'a, kuɗin bas kuma ya fi ƙarfinsa, ba ƙaramin sauƙi ba ne ya samu kujerar da zai iya biya. Sai dai duk wanda ya san tarihin dogon Sudan ya san cewa ba wannan yaƙi ne ya fara durƙusar da shi ba. Yaƙi ya tarar da shi yana jinya tun kimanin shekaru 40 da suka gabata, kuma muddin ba a gano ciwon farko ba, ko an samu zaman lafiya gobe an sayo sababbin taragai masu na'urar sanyi, bayan 'yan shekaru za a sake komawa gidan jiya.

Jirgin fasinja mai haɗa garuruwan jihohi, wanda yake tsayawa a ƙananan tashoshi yana ɗaukar manomi da ɗalibi da mai jinya, da wuya ya ciyar da kansa da kuɗin tikiti, a Sudan ne ko a ƙasashen da suka fi ta arziki nesa ba kusa ba. Dole ne a samu wanda zai cike giɓin. A zamanin da dogon Sudan yake tashe, dakon auduga da gyaɗa da ƙaro da man fetur ne yake cikewa. Da waɗannan kaya suka bar dogo, ba a samu gwamnatin da ta fito fili ta ce ta ɗauki nauyin fasinja, ta rubuta kuɗin a kasafinta, ta kuma biya a kan lokaci ba. Sai aka bar jirgi yana tafiya ana zaftare kuɗin gyara shekara bayan shekara, har ya zama dogon ne da kansa yake biyan bashin da lalacewarsa.

Tun asali ba don fasinja aka shimfiɗa shi ba. Layin da ya ratsa hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad a 1897 rundunar Kitchener, kwamandan sojan Birtaniya, ce ta gina shi don kai sojoji da makamai a yaƙi daular Mahadiyya, kuma har yau tashoshin da ke cikin wannan hamada lamba gare su maimakon suna. Ya isa Atbara a 1898, ya kai Khartum Bahri a ƙarshen 1899. A 1906 aka haɗa Atbara da gaɓar Bahar Maliya, daga baya aka miƙa kudu daga Khartum ta Madani da Sinnar, aka haye Farin Nilu a Kosti, aka kai Ubayyid a wajajen 1912, lokacin da a can yamma dogon Legas ma bai daɗe da shiga Kano ba. Kasala ta samu nata a 1924, kuma kafin shekarun 1920 su ƙare aka zarce da layin ta Gadarif ya haɗe da Sinnar. Bayan samun 'yancin kai aka kai Niyala a 1959 da Wau a 1962. Wanda ya dubi taswira zai ga cewa kusan kowane reshe wani amfani yake bi: audugar Jazira bayan gina madatsar Sinnar a 1925, audugar Gash a Kasala, ƙaron Kurdufan, dawa da riɗin Gadarif, dabbobin Darfur. An kuma gina shi da arha, layi guda tilo mai faɗin milimita 1,067, daidai da tsohon dogon Najeriya, da ƙarafa marasa nauyi a rassa, sannan a wurare da yawa an kwantar da shi a kan ƙasa kai tsaye ba tare da gadon tsakuwa ba.

Mu Hausawan Sudan wannan magana ta shafe mu fiye da yadda muke tsammani. Kakannin da yawa daga cikinmu a ƙafa ko a bayan jaki suka ratso Borno da Wadai da Darfur da niyyar sauke farali, kuma a Ubayyid suka fara hawa jirgi. Mai guzuri ya wuce bakin teku, wanda nasa ya ƙare ya sauka a Jazira ya yi cirar auduga shekara ɗaya ko biyu, wani kuma shekara biyun ta zame masa zama na dindindin. Unguwannin Hausawa da suka jeru a Ubayyid da Kosti da Sinnar da Madani da Gadarif da Kasala da Bor Sudan jerin tashoshin dogo ne, kuma Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, bai da nisa da mahaɗar Sinnar. Dattawanmu suna tuna jirgin da ake kira mushtarak, wanda ake haɗa taragan mutane da na kaya, da kujerunsa tun daga aji na ɗaya har na huɗu, da yadda masu agashe da masu shayi da yara masu tallan dafaffen ƙwai suke jeruwa a bakin tasha tun kafin a hango hayaƙinsa, domin tsayawarsa ta ɗan lokaci ita ce cin kasuwar ƙauyen a wannan rana.

Kafin a gane inda kuɗi yake tafiya sai an raba abin da ake kashewa gida biyu. Akwai wanda yake ƙaruwa da yawan tafiya, kamar man dizal da albashin direba da kwandasta da tsabtace taragai. Akwai kuma wanda ba makawa sai an kashe shi, ko jirgi ɗaya ne ya bi layin a mako ko guda ashirin a rana: albashin 'yan darisa, wato leburorin da suke zaune a gefen layi suna duba shi kullum, da sauya katakan da ƙarfe yake kwance a kansu, da gyaran gadoji da kwalbatoci da sigina, da kula da tashoshi, da manyan wuraren gyaran kawunan jirgi na Atbara. A harkar dogo kashi na biyun nan shi ne mai nauyi. Saboda haka abin da tafiyar fasinja guda take ci ya rataya ne a kan yawan abin da yake bin layin tare da shi. Layin Bor Sudan zuwa Khartum, mai tsawon kilomita 787, wanda a da kusan duk kayan shige da ficen ƙasa ta kansa suke bi, ya iya ɗaukar nauyin kansa har ya tallafa wa wasu. Reshen Niyala, da tsawonsa da ƙarancin abin da yake ɗauka, ba zai iya ba. Da yake hukuma ɗaya ce kuma asusu ɗaya, ribar wannan tana rufe asarar wancan ba tare da an fitar da lissafin kowane layi daban ba. Tsarin yana tafiya lafiya muddin riba tana shigowa, amma yana da babbar illa, domin jama'a da 'yan siyasa duk sun saba da ganin jirgi a matsayin abin da yake nan haka kawai, kuma ranar da ribar ta ƙafe babu wanda ya yi tanadin abin da zai maye gurbinta.

A farkon shekarun 1970 dogon yana ɗaukar kaya kimanin tan miliyan 3 a shekara. Daga nan ne abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1973 da 1974 aka cire jiragen ruwa na Nilu da tashar jiragen ruwa ta Bor Sudan daga hannun hukumar aka mayar da su hukumomi masu zaman kansu, kuma tashar teku ba ƙaramar kafar samun kuɗi ba ce. A 1977 aka kammala bututun da yake kawo tataccen mai daga Bor Sudan zuwa Khartum, sai wani babban kaso na dako mai tsoka ya fita. A 1980 aka gama kwaltar da ta haɗa babban birni da teku, kuma abin lura shi ne hanyar da ta bi: Madani, Gadarif, Kasala, Haya, wato kusan sawun layin dogo na gabas sak. Ɗan kasuwar Gadarif da yake jiran a ba shi tarago mako da makonni ya ga cewa babbar mota za ta zo har ƙofar sitonsa ta ɗauki riɗi ta sauke a bakin jirgin ruwa cikin kwanaki kaɗan. Ba za a ga laifinsa ba. Kaya masu daraja, waɗanda ake cajinsu da tsada, su suka fara tafiya, aka bar wa dogo masu nauyi marasa riba.

Siyasa ma ta yi nata ɓarnar. Atbara, wadda ake wa kirari da birnin ƙarfe da wuta, ita ce mahaifar ƙungiyoyin ƙwadago na Sudan tun ƙarshen shekarun 1940, kuma ƙungiyar ma'aikatan dogo tana da ƙarfin da in ta yi yajin aiki ƙasa take tsayawa cik. Gwamnatin Numairi ta murƙushe yajin aikin 1981 ta rusa ƙungiyar, kuma mutane da yawa a Sudan suna da yaƙinin cewa fifita hanyar mota da aka yi a wancan zamani yana da nasaba da son karya wannan ƙarfi. Bayan juyin mulkin 1989 aka sallami ɗimbin ma'aikata da sunan maslahar jama'a, cikinsu har da injiniyoyi da makanikai da direbobin da suka shafe rayuwarsu suna koyon aikin. Ana iya sayen kan jirgi a wata shida, amma makanikin da yake gane ciwon inji daga ƙararsa sai an yi shekaru ana renonsa. A 1997 Amurka ta ƙaƙaba takunkumin da ba a ɗage ba sai a 2017, alhali da yawa daga kawunan jirgin ƙasar ƙirar Amurka ne, sai samun kayan gyara ya zama aiki ja, aka koma kwance wani inji don a tayar da wani. A 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle da kimanin kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa, kuɗin ƙasashen waje ya yi ƙaranci, alhali kusan duk abin da dogo yake buƙata, daga ƙarfe har birki, da dala ake sayensa.

Idan hukuma ta rasa kuɗi, albashi ba ya jira, man dizal ma ba ya jira, amma gyaran layi yana iya jira, domin in an fasa sauya katakai bana babu abin da zai faru gobe da safe. Nan ne tarkon yake. Halin ya yi kama da na manomin da yunwa ta sa ya ci irin shukarsa: ya ƙoshi a yau, damina kuma tana tafe. Wanda ya taɓa tsayawa a kan ɗaya daga cikin tsofaffin rassan nan ya san yadda abin yake a ido. Katakon ya tsage, gara ta cinye cikinsa, ƙusar da ya kamata ta danne ƙarfe tana motsi har mutum zai iya zare ta da hannu, mahaɗar ƙarafa biyu ta lotsa ta yadda kowace ƙafar tarago sai ta doke ta kafin ta wuce. A baƙar laka ta Gadarif da Jazira, wadda take kumbura da damina ta tsattsage da rani, layin da ba shi da gadon tsakuwa yana karkacewa, kuma ruwan dare ɗaya a kwari yana iya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashinsa ya bar ƙarfe yana lilo. Injiniyan da ba shi da kuɗin gyara abu ɗaya ya rage masa, shi ne ya umarci direbobi su rage gudu a wannan wuri. Wuraren rage gudu suna taruwa, har a sassa da yawa jirgi ba ya wuce kilomita 30 ko 40 a awa.

Jinkiri kuma a layi guda tilo yaɗuwa yake yi. Jirage biyu ba sa wuce juna sai a tashar da aka tanadi layin kaucewa, don haka in ɗaya ya makara awa biyu, ɗayan ma sai ya zauna jiransa, na bayansu kuma su jira su biyun. A ganina abin da ya fi korar fasinja daga jirgi shi ne rashin tabbas, fiye da rashin gudu. Matar da za ta kai ɗanta asibiti a Madani za ta iya jure tafiyar awa takwas in ta san cewa takwas ɗin ce, ta shirya ruwa da abinci, ta sanar da wanda zai tarbe ta. Abin da ba za ta iya jurewa ba shi ne ta kwana a tasha ba ta san ko jirgin zai zo yau ko jibi ba. Da haka masu hali suka koma bas, aka bar waɗanda ba su da zaɓi, wasunsu ma a kan rufin tarago suke tafiya saboda cunkoso ko rashin kuɗin tikiti. Kuɗin shiga ya ƙara raguwa, gyara ya ƙara ja baya, sannan masu faɗa a ji, da yake sun daina hawa, suka daina jin zafin abin a jikinsu. Jirgin da talaka kaɗai yake hawa ba ya samun mai kare shi a ranar rabon kasafi.

Jirgin Nilu da aka ƙaddamar a farkon 2014 tsakanin Khartum da Atbara ya koyar da darasi biyu. Sababbin taragai ne ƙirar Sin, masu tsabta da na'urar sanyi, kuma jama'a sun rungume shi har kujeru suna ƙarewa, duk da cewa tafiyar kimanin kilomita 300 tana cinsa fiye da awa shida, bas kuma yana riga shi isa da tazara mai yawa. Wannan ya nuna cewa buƙatar tana nan, kuma mutane za su zaɓi jirgi saboda arha da kwanciyar hankali da tsoron haɗarin hanya in dai yana tashi a kan lokaci. Darasi na biyu shi ne sabon tarago ba ya gudu fiye da abin da tsohon layi ya yarje masa. Gwamnatoci suna son sayen jirgi domin ana yanke masa kyalle a gaban kyamara, alhali sauya katakai dubu ɗari a daji ba mai ganinsa. Daga baya an ƙara irin wannan jirgi zuwa Madani, a 2022 kuma aka sauke sababbin kawunan jirgi 21 daga Sin a Bor Sudan, amma kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu matuƙar ƙasan da za su taka bai gyaru ba.

Batun farashin tikiti shi ne ya fi sarƙaƙiya. Gwamnati ce take ƙayyade shi, kuma kowace gwamnati tana tsoron ƙara shi, musamman a ƙasar da zanga-zangar Disambar 2018 ta kunno kai daga tsadar burodi, Atbara kuma tana sahun gaba. Amma a watan Fabrairun 2021 an karya darajar fam daga 55 zuwa kimanin 375 a kan dala ɗaya, hauhawar farashi a wannan shekara kuma ta haura kashi 300 cikin ɗari. A irin wannan yanayi tikitin da aka tsayar da farashinsa a farkon shekara ya zama kyauta kafin ƙarshenta, alhali kayan gyara suna bin dala. Ba ina cewa a ɗora wa talaka cikakken kuɗin tafiyarsa ba ne, domin in aka yi haka jirgin zai tafi babu kowa. Abin da nake cewa shi ne duk gwamnatin da ta yanke shawarar a sayar da tikiti ƙasa da abin da tafiyar ta ci, to ta ci bashin hukumar dogo, kuma wajibi ne ta biya bambancin da kuɗi a hannu. Tallafin da aka yi alkawari ba a biya ba, shi ne yake komawa ruɓaɓɓen katako.

Akwai kuma rashin adalcin da ba a cika ambata ba idan ana kwatanta jirgi da mota. Hukumar dogo ita take gina hanyarta, ita take gyara ta, kuma duk wannan yana cikin littafin asararta. Mai tirela kuwa kwaltar da gwamnati ta gina yake bi, abin da yake biya a shingen karɓar kuɗi bai kai ɓarnar da lodin da ya wuce kima yake yi wa hanya ba, sannan shekaru da yawa yana shan man dizal mai tallafi kafin a janye tallafin a 2021. Asarar hanyar mota ba ta bayyana a littafi ɗaya, tana warwatse ne a kasafin ma'aikatar hanyoyi da gadajen asibiti da gidajen da aka yi zaman makoki. Wanda ya ce jirgi yana cin kuɗi mota kuwa tana ciyar da kanta bai haɗa lissafin duka ba.

Ƙasashen da suka shawo kan matsalar ba riba suka gano a jirgin jihohi ba, tsari suka sauya. A Jamus tun 1996 gwamnatin tarayya take ba jihohi wani kaso na kuɗi kowace shekara musamman don jiragen yankuna, jiha kuma ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin da zai tafiyar da su: jirage nawa a rana, a waɗanne tashoshi, da wane irin tarago, kuma in makara ta yi yawa a yanke masa kuɗi. Faransa ta miƙa irin wannan iko ga yankunanta a 2002. Ba kuɗin Jamus muke da shi ba, amma ginshiƙin tsarin ba ya buƙatar arziki: a san abin da kowane layi yake ci, a rubuta wanda zai biya, a rubuta abin da za a samu a madadin kuɗin, a kuma bayyana wa jama'a ko an cika. Jihar Gadarif ko ta Kasala da ta san cewa kuɗinta ne yake tafiyar da jirgin za ta tambayi dalilin makararsa, abin da ofishi a babban birni ba zai damu da shi ba.

'Yan'uwanmu da suke zaune a Makka da Jidda da Madina, da alhazan da suka dawo, sukan ba da labarin jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018, mai tsawon kilomita 450 da gudun kilomita 300 a awa, su ce me ya hana mu. Abin sha'awa ne ƙwarai, amma da dukiyar gwamnati mai arzikin mai aka gina shi, kuma yana haɗa Makka da Madina, birane biyu da miliyoyin mutane suke nufa kowace shekara daga duk duniya. Babu layi ko ɗaya a Sudan da yake da wannan gata.

Wannan ya kawo mu ga mafarkin da ake yawan maimaitawa, na a watsar da tsohon layi a gina sabo mai faɗin milimita 1,435 kamar yadda Habasha da Kenya da Najeriya suka yi. Ina ganin a yi hattara. Kenya ta buɗe layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017 da rancen da ya haura dala biliyan 3 daga Sin, kuma da biyan bashi ya matso sai da gwamnati ta tilasta wa masu shigo da kaya su yi amfani da jirgi, umarnin da aka soke a 2022 bayan koke-koken 'yan kasuwa da direbobi. Sudan ta shiga yaƙi da bashin waje na fiye da dala biliyan 50 a wuyanta, shirin yafe bashin da aka fara a tsakiyar 2021 kuma ya tsaya bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba na wannan shekara. Faɗin layi ba shi ne ya hana jirginmu gudu ba. Afirka ta Kudu tana jan jiragen ma'adinai masu nauyin gaske a kan faɗin 1,067 ɗin nan, Japan kuma tana tafiyar da mafi yawan jiragen yankunanta a kansa cikin kiyaye lokaci. Kuɗin da zai gina sabon layi ɗaya tsakanin teku da babban birni zai iya sa tsakuwa da katakan kankare da ƙarfe mai nauyi a tsofaffin layuka masu ninkin tsawonsa. Kuma in aka gina sabon shi kaɗai, rassa za su yanke daga gangar jiki, domin tarago ba ya tsallakawa daga wannan faɗi zuwa wancan, sai an sauke kaya an sake lodi.

Rassan nan su ne abin da ya fi damuna, domin a kansu yawancin mutanenmu suke. Layin gabas ta Gadarif da Kasala da reshen Damazin sun daɗe da rasa jirgin fasinja na yau da kullum tun kafin yaƙi, na Niyala kuma ya zama sai jefi-jefi. Idan aka zo sake gini, masu ba da rance za su nuna layin Bor Sudan zuwa Khartum, kuma suna da hujja, domin nan ne kuɗi yake, kuma lalle da shi ya kamata a fara don dako ya dawo. Amma in ba a rubuta tun farko cewa wani kaso na abin da wannan layi ya samar, tare da kaso daga baitulmali, zai tafi ga rassa ba, to za a ce su jira, kuma jiran ba zai ƙare ba. An taɓa ganin sakamakon haka. A yunwar 1984 zuwa 1985 hatsin agaji ya iso ƙasar, amma layin Kosti zuwa Niyala ya kasa kai shi Darfur da yawan da ake buƙata a lokacin da ake buƙatarsa, kuma mutane sun mutu a wannan tsakani. Ƙorafin da yankunan gefe suke yi tun samun 'yanci, cewa komai a tsakiya ake tarawa, yana daga cikin tushen yaƙe-yaƙen ƙasar nan, kuma tashar da ciyawa ta rufe hujja ce da mai wannan ƙorafi yake gani kullum a ƙofar gidansa.

Rassan ba su rasa abin ɗauka ba. Riɗi da dawar Gadarif, ƙaro da gyaɗar kasuwar Ubayyid, tumakin Kurdufan da Darfur da ake kaiwa Saudiyya, duk kaya ne masu yawa da suke tafiya mai nisa, irin waɗanda dogo ya fi mota dacewa da su. Idan aka dawo da su, ko da ta hanyar barin kamfanoni masu zaman kansu su sa taragansu su biya kuɗin bin layi, to nauyin kula da layin ya rabu, abin da ya rage a biya wa fasinja kuma ya zama daidai abin da jiha za ta iya ɗauka. A irin waɗannan layuka ba a buƙatar jirgi mai ƙawa. Tarago biyu ko uku masu tsabta, da banɗaki mai ruwa, da wurin ajiye buhu, da jadawalin da ake kiyayewa ko da sau uku ne a mako, sun isa su sauya rayuwar garuruwan da damina take yanke su daga kwalta.

Akwai abubuwa biyu da ba sa jiran ƙarshen yaƙi ko zuwan rance. Na farko shi ne filin da layin yake bi. Layin da jirgi ya daina bi ana sace ƙarafansa a sayar wa masu gwangwan, ana kwashe katakansa a yi girki ko jinka, sannan a hankali gidaje da shaguna su hau kansa, kuma ranar da aka zo gyara kuɗin diyya da rigimar tayar da mutane za su iya fin kuɗin ƙarfen. Masu unguwanni da limamai da shugabannin matasa a garuruwanmu suna da abin yi a nan, domin su ne suke ganin wanda yake zuwa da amalanke da dare. Na biyu shi ne mutanen da suka san aikin. Tsofaffin direbobi da makanikai da shugabannin 'yan darisa, waɗanda suka san kwarin da yake cika a watan Agusta da gadar da ƙafarta take zaizayewa, suna warwatse a garuruwan gudun hijira da ƙasashen maƙwabta, shekaru kuma suna ja. Ya kamata hukumar dogo da jihohi su nemo su tun yanzu, a biya su haƙƙoƙinsu na fansho, a haɗa kowannensu da matasan da za su bi layin tare da shi kilomita bayan kilomita suna rubuta halin da yake ciki, domin da wannan rubutu ne za a san abin da gyaran kowane reshe zai ci kafin a zauna da mai ba da rance.